Rigar Kula 'Yar Dubai

Ɗinkin kayan mata na koya a gidanmu a Garwa. Da aure ya kawo ni Yawunde, unguwar Briqueterie wadda muke ce wa Birik, sai na tarar teloli sun kusa fin masu sa kayan yawa. Duk lungun da ka leƙa keke ne ke kuka, duk shagon da ka wuce da mutum a duƙe yana aikin wuyan babbar riga. Ni kuwa da tsohon kekena na ƙafa a barandar gidan haya, wa zai kawo mini shadda? Sai faci, sai rage ƙafar wando, sai mayar da maɓalli.

Kula ce ta rufa mini asiri. A Birik abinci ba ya zama a gidan da aka dafa shi. Kai shi ake yi shago wurin maigida, a kai asibiti, a kai gidan suna, a kai gidan rasuwa. Ga garin ruwa yake saukowa ba sallama, ga hawa ga gangara, ga taksin da za a matse ki a ciki kina rungume da kula kamar jaririya. Kafin tuwo ya isa inda za shi ya huce, man miya ya yi barci. Shi ya sa ake ɗinka wa kula riga. Masu shayi su ma suna yi wa filas, masu kunu da masu folere, wato zoɓo, suna yi wa jarka don ƙanƙara ta jima ba ta narke ba.

Aikin ba wani asiri ba ne. Yadi a waje, soso a tsakiya, leda mai ƙyalli a ciki, sai zif a baka da hannaye biyu na ɗauka. Gindin ne ke shan wahala, shi ake dangwarawa a ƙasa, shi ke jiƙa, don haka nakan ninka shi da wani abu mai kauri, duk abin da hannuna ya kai gare shi a gidan. Na fara da yi wa maigidana, wanda ke gasa tsire a bakin titi. Maƙwabta suka gani, daga nan aka fara kawo mini aiki, na sababbi da na gyaran tsofaffi. Tsofaffin sun fi yawa.

Ban san me rigar kula ta yi wa mutanen unguwarmu ba da suke azabtar da ita haka. Wata za ta sauke tukunya daga wuta ta zura ta cikin rigar kai tsaye, leda ta narke ta manne, sannan ta zo tana ce mini ledar ce ba ta da kyau. Wata ta jiƙa ta a tafasasshen ruwa ta murɗe ta kamar tsumma, soso ya kwanta ya zama kamar wainar da aka zauna a kai. Wata ta yi mata guga. Wallahi guga, da dutsen gawayi. Akwai wani mai shayi da rigar filas ɗinsa ita ce tsumman goge teburi, ita ce matashin kai in ya kishingiɗa, ita ce abin korar ƙuda, kuma duk zuwansa sai ya ce ɗinkin bana bai kai na bara ba. Mafi yawan mata kuwa miya ce za ta zube a ciki, su ja zif su jefa ƙarƙashin gado, sai wani bikin ya taso a tuna da ita. A damshin Yawunde, abin da za ka tarar a ciki bayan nan ya isa a kira masa mai unguwa. Fumfuna ta yi gashi, kyankyasai sun yi aure sun hayayyafa.

Na gaji da faɗa musu. A goge ciki da ruwan ɗumi da ɗan sabulu ranar da aka yi amfani da ita. In tana wari a shafa lemun tsami. A kife ta a inuwa baki buɗe har ta bushe, kar a ajiye ta a rufe. Zif in ya fara gardama a goga masa kyandir, ba a fizge shi da ƙarfin tsiya ba. Su ce, "To, tela," su tafi su yi abin da suka saba. Daga baya na daina jin haushi, don na lura rashin jin maganarsu shi ke yi mini cefane.

Ana nan sai Kawu ya shigo cikin harkar. Ƙanen mahaifiyata ne, yana da shagon turare da jallabiya da kayan mata a kan babban titin unguwar. Ya taɓa zuwa Dubai sau ɗaya, tun ina yarinya, kuma har yau bai gama dawowa ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya gaya maka yadda ake shan ruwa a can. Ya zo ya zauna a bencina, ya juya wata riga da na gama, ya matsa gindinta da babban yatsa, ya gyaɗa kai.

"'Yata, hannunki da albarka. Zan ba ki aiki."

Ya ce in riƙa ɗinka masa da yawa, amma da farin yadi kawai, ba ado ba komai. Wai arewa zai riƙa aikawa, can Ngaundere, mutanen can sun fi son su sa nasu yadin a kai. Ban tsananta tambaya ba. Kawu ne, kuma aiki ne mai zuwa ba yankewa. Na yi ta ɗinki har abin ninka gindi ya ƙare mini. Na cinye tsofaffin tawul, na cinye rigar sanyin maigida, ƙarshe na faɗa wa wani babban bargonsa mai hoton damisa, wanda ɓera ya riga ya ci gefensa. Maigida ya yi ƙorafinsa ya gaji ya haƙura.

A wannan shekarar ce wani sabon yayi ya shigo wa matan Birik: rigar kula 'yar Dubai. Karan-miski ne ja ko kore ko shuɗi, da zaren zinariya a baka, da duwatsu masu walƙiya, da wani ɗan ƙyalle mai rubutun Larabci a gefe. A shagon Kawu kaɗai ake samu, kuma sai an yi masa magana tun da wuri, wai jirgi ne ke jinkiri. Ina hango su a wuraren biki, jere a kan tabarma kamar amare. Ba a barin irina ta taɓa. Na taɓa roƙon Kawu ya ara mini ɗaya in ga yadda Larabawa ke ɗinki, ya ce ba a buɗe irin wannan kaya, iska na lalata shi.

Wadda ta fi kowa ɗaukar abin da zafi ita ce Hajiya, shugabar reyinyo ɗinmu, wato taron matan unguwa. A Birik aka haife ta, a bayan mahauta, amma tun da mijinta ya gina gida a unguwar Tsinga ta fara toshe hanci in ta shigo lungunmu. Hausarta ma ta kama ciwon ƙafa, ba ta iya tafiya mai nisa sai ta dogara da Faransanci. Ita ta sayi mafi girma, ja wur, ta kular da ke cin shinkafar gidan biki guda. A kowane taro sai ta sa an ajiye ta a gaba, ta ce, "Ku taɓa ku ji. Tun ɗazu aka zuba, har yanzu kamar a kan wuta. Su o'o za su iya wannan?" Su o'o ɗin ni ce, ina zaune a baya ina cin shinkafar.

Wata rana da hantsi sai ga ta a barandata da kanta. Ta sa direba ya tsaya can bakin titi, ta lulluɓe abin a mayafi kamar mai ɗauke da kayan sata.

"Ke tela, an ce kina taɓa irin wannan aikin."

"Ina taɓawa, Hajiya. Sannu da zuwa, ga kujera."

Ba ta zauna ba. Ta yaye mayafi, wari ya yi mana sallama. Miyar manja ce ta zube a ciki tun wani biki, aka rufe aka ajiye. Zif ya saki baki, hannu ɗaya ya tsinke, gindi ya yi laushi yana naso.

"Na kai wa Alhaji kawunki, ya ce sai dai a mayar da ita can, kuma ba shi da tafiya yanzu. Ga suna ya matso a gidan ƙanwata. Ki yi abin da za ki iya, amma ki bi a hankali, sil vu ple. Wannan ba irin naku ba ne. Inji ke ɗinka shi, ba keken ƙafa ba. Kar ki kuskura ki taɓa rubutun nan."

"Ba zan taɓa ba, Hajiya."

"Kuma ba sai kowa ya ji ta zo nan ba."

Surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran wake. Tsohuwa ce mai nauyin kunne, sai dai nauyin kunnen yana da zaɓi. In an ce ta sha magani ba ta ji, in ana raɗa a bayan katanga tana ji. Hajiya ta gaishe ta sama-sama ta fice.

Na sa reza na fara farke ɗinkin gindi a hankali, ina ɗokin ganin hikimar Larabawa. Karan-miskin ya ɗago. A ƙarƙashinsa farin yadi. Na ce to, ashe su ma da farin yadi suke farawa. Na duba ɗinkin kwana, na ga inda keke ya tsallake aka bi da hannu da baƙin zaren kitso. Kekena yana da wannan hali a kwana, ni kuma ina da wannan zare. Gabana ya ɗan faɗi, amma na ce duniya da faɗi take, wataƙila a can ma akwai keke mai tsallake. Na farke farin yadin, na ɗaga soson da ya ruɓe, sai ga ido yana kallona. Idon damisa ne, rawaya, da guntun gashin baki a gefensa, har da tabon da garwashi ya yi wa bargon wata rana da maigida ya kwanta kusa da kasko.

Na yi salati da ƙarfi. Inna ta taso ta leƙa. Ta daɗe tana kallon idon, shi ma yana kallonta.

"Wannan ba bargon ɗana ba ne?"

"Shi ne, Inna."

"Wanda na saya masa da zai yi aure?"

"Shi ne."

"Ikon Allah. Ni ko Duwala ban taɓa zuwa ba, bargo ya je Dubai ya dawo."

Muka yi ta dariya har sai da na dafa keke.

Da maigida ya shigo cin abincin rana na nuna masa. Ya fi ni nisa a karatun allo, don haka na ce ya karanta mini rubutun da aka hana ni taɓawa. Ya kai shi haske, ya haɗa baƙi, ya ce abin da ya gane shi ne "na maza, babba". Daga wuyan jallabiya aka yanko shi. Sai a lokacin na tuna jallabiyoyin shagon Kawu duk ba su da komai a wuya. Maigida ya ce, "Ki rufe gindin rigar nan, ki rufe bakinki. Kawunki ne, kuma shi ke kawo aiki." Na ce na ji. Muka juya ga Inna. Ta ce me muka ce, ba ta ji ba.

Na yi aikin yadda ya kamata. Na zubar da ruɓaɓɓen soso na yanka sabo, na sauya ledar ciki, na matse kan zif da filaya na goga masa kyandir, na dasa hannun da ɗinki biyu. Karan-miskin na goge shi da ɗanyen tsumma na shanya a inuwa. Bargon kuwa ba abin da ya same shi ban da wari, na wanke shi da lemun tsami ya bushe, na mayar da shi mazauninsa. Da Hajiya ta zo karɓa ta juya rigar, ta shinshina, ta ce, "Ba laifi. Amma ana ganin bambanci." Na ce ai dole.

Ranar suna gidan ƙanwarta ya cika maƙil. Gida ne a cikin lungu nan Birik, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an ja tanti saboda hadari. Kuloli 'yan Dubai sun jeru a gefe, ja da kore da shuɗi. An ce Hajiya ce za ta kawo shinkafar rana. Aka yi azahar ba ta zo ba, aka yi la'asar ba ta zo ba. Daga baya muka ji tun da safe aka zuba abincin, ita kuma ta wuce wurin kwalliya da ɗaurin kallabi, kula na zaune a bayan mota. Ta iso yamma liƙis. Aka shigo da kular a riƙe hannu bibbiyu, aka ja zif, aka buɗe. Ba tururi. Shinkafa ta koma ɗumin jikin mutum, nama ya fara farin kitse.

Ko wace ƙasa ta ɗinka riga, ba ta hana abinci hucewa daga safe zuwa yamma, jinkirta shi kawai take yi. Hajiya ta san wannan ko ba ta sani ba, oho. Ta dai ɗaga kai ta nemo ni a cikin taro.

"Ga abin da nake gudu. Tun da na sayi rigar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya na yi kuskuren kai ta wurin telar unguwa, ku ga sakamako. An kwashe kayan can an cusa mini tarkacen Birik. Se domaj, abin takaici, wallahi."

Ita da ta ce kar kowa ya ji, ita ta yi shela. Mata suka juyo suna kallona. Na tuna maganar maigida, na kafe tabarma da ido, na cije leɓe. Fuskata ta fi shinkafar zafi.

"Me ta ce?" in ji Inna, da muryar da ake ji har bakin titi. Wata ta maimaita mata, ba don tana buƙata ba.

Inna ta suɗe yatsunta ta gyara zama. "Hajiya, 'yar nan, na san uwarki tun tana tuyar ƙosai a bayan mahauta, Allah ya ji ƙanta, mace ce mai gaskiya. Tarkacen Birik ɗin da kike faɗa, da shi kika sayi rigar. Bargon ɗana ne a gindinta tun ranar farko. Matar ɗana ce ta ɗinka ta, ita da duk waɗancan da aka jera. Alhaji karan-miski kawai ya yafa musu."

Mai jego ma sai da ta leƙo ta taga.

"Inna, girma ya kama ki, kin fara ruɗewa," in ji Hajiya.

"To a buɗe. Akwai ido a ciki. In babu ido ku ce na ruɗe."

Hajiya ba ta yarda a taɓa tata ba. Amma akwai wata matar mai kanti da ɗinkin gindin tata ya riga ya fara saki, kuma dama ba sa ga-maciji da Hajiya. Ta jawo koriyarta, ta zura yatsa, ta ja. Sai ga kunne. Wata ta ari almakashi a ɗakin mai jego ta farke tata, ta sami tafin ƙafa da farata. Wata ta sami wutsiya. Wata kuma ba ta yi sa'a ba, hannun rigar sanyin maigidana ta samu. Aka shimfiɗa guntayen a tabarma ana gwada wannan da wancan, 'yan mata na ɗauka da waya. Saura kaɗan damisa ta tashi. Fuska ce ta rage, kuma kowa ya san inda take.

Na ɗauka yau za a wanke ni. Har na fara gyara mayafi don karɓar yabo. Ashe ban san Hajiya ba. Ta tsaya ta dubi guntayen, ta dafa kallabinta, ta ce, "Inna, in tambaye ki. Bargon nan na ɗanki, a Birik aka saƙa shi?"

"A kanti na saya."

"Daga ina ya zo kantin?"

"Oho. Daga waje mana."

"To, vwala! Masu yin bargon guda ɗaya suka yi a duniya? In a can suka ga dama suka sa irinsa a gindin riga, laifi ne? Ai wannan ma shaida ce kayan waje ne."

Zo ka ga yadda fuskokin matan nan suka saki. Kowacce ta riga ta tuna abin da ta zube wa Kawu, da yangar da ta yi wa maƙwabciyarta, sai ga Hajiya ta miƙo musu igiya. Suka kama da hannu biyu. "Gaskiya ne fa." "Ni ma na taɓa ganin irin bargon a Makka." Mai hannun rigar sanyi ta tura shi ƙarƙashin cinyarta. Inna ta ce a duba tabon garwashi, amma an riga an koma kan shinkafa, ana ci ana cewa ai sanyin nata ma da daɗi.

Muka tako gida ni da Inna ana yayyafi, jar laka na kama mana takalma. Ni takaici ya ishe ni, ita kuwa tana tafe tana yaba naman. Maigida ya ji labari tun a wurin tsirensa, ya tare mu a ƙofa ya ce, "Inna, ba na ce a yi shiru ba?" Ta ce ita ba ta san da wannan magana ba, da ya ɗaga murya. Labarin da ya zaga unguwa shi ne telar lungu ta lalata kayan Hajiya, ta kuma turo surukarta ta yi iƙirarin aikin Larabawa. Waɗanda suka farke nasu kuwa washegari suka aiko mini in ɗinke, tare da gargaɗin in mayar da komai yadda masu shi suka sa.

Kawu ya zo da safe, ko gaisuwata bai amsa ba.

"Na ɗauke ki 'ya, kin tashi za ki kashe mini shago."

"Kawu, ni ban ce uffan ba. Amma ka ce mini Ngaundere kake kaiwa."

"To ƙarya na yi? Ai wata rana zan kai. Da na ce musu ke kika ɗinka, da wa zai saya? Darajar da aikinki ba shi da ita na sa masa, maimakon godiya sai tonon silili."

Inna ta ce daga ƙofar ɗakinta, "Alhaji, in za ka koma can ka sayo mana bargo, namu ya ƙare."

Kawu ya kaɗe riga ya ce ba ni ba aikinsa, teloli ba su ƙare a Yawunde ba. Ya kwashe aikin ya kai wa wani tela a unguwar Elig-Edzoa.

Abin haushin, akwai gaskiya a maganarsa. Na sayi karan-miski na ɗinka nawa na rataye a baranda. Mata su zo su shafa, su matsa gindi, su ce, "Kai, ya yi kyau, kamar na gaske," su wuce shagon Kawu. Na rage farashi, abin ya ƙara lalacewa, don araha ta tabbatar musu na gida ne. Maigida ya ba ni shawara in yanko wuyan jallabiyarsa in liƙa. Na ce ya bari, bargonsa da rigar sanyinsa sun isa sadaka.

Aka ɗan ja lokaci cikin ƙunci, na koma rage ƙafar wando. Sai damina ta kankama. Sabon telan Kawu ashe mutum ne mai tattali. Soson da yake sawa bai fi ɓawon albasa kauri ba, a gindi kuma kwali yake ninkawa, kwalin sabulu da na taliya. Kwali da ruwan Yawunde kuwa ba sa shiri. A dangwara kula a jiƙaƙƙen siminti, gindi ya zama kunu. Aka fara sallama a barandata ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abu a cikin mayafi. Ina kwashe kwali ina sa soso, ina ninka gindi da buhu da tsohon tawul, ina sauya zif. Ba wadda ta tambaye ni abin da na tarar a ciki, ni ma ban faɗa ba. Bayanin da suka yi wa kansu shi ne yanzu ko a can an fara ha'inci, na da sun fi ƙarko. Na da ɗin nawa ne. Iyakar yabon da Birik ta yi mini ke nan, shi ma a hannun Larabawa ya faɗa. Aiki dai ya yi yawa har na sayi keke mai lantarki, wanda ke hutawa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Ana gab da azumi sai ga Kawu da filas ɗin shayinsa a hammata. Rigar filas ɗin daga shagonsa take, gindinta ya zazzago yana lilo. Ya gaida Inna da ladabi, ya tambayi lafiyar maigida, ya zauna a benci ya yi ta zancen tsadar kaya da yadda ruwa ya ɓata titi. Sai da zance ya ƙare masa ya turo filas ɗin gabana da yatsa.

"Ki duba mini wannan, 'yata. Shayi ba ya kai azahar."

Na zura hannu na zaro masa jiƙaƙƙen kwali, na ajiye a gefensa a kan benci. Ya kau da kai ya kalli titi.

"Mutumin can ba shi da amana. Ina tunanin in dawo miki da aikin. Azumi ya zo, mata na ta tambaya."

Na nuna masa tulin gyaran da ke bayan keke, ya kusa kai taga. Na ce ya gani da idonsa, kayan shagonsa sun hana ni sakat, ba ni da lokacin ɗinka sababbi. Ya bar wa na Elig-Edzoa aikinsa, mutum ne mai iyali, ni kuma ba abin da ke tsakanina da shi sai addu'ar Allah ya ƙara masa lafiya da yawan kwali.

Kawu ya daɗe yana kallon tulin. Sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya miƙe, ya tambayi yaushe zai aiko a karɓa. Na ce sai na gama da ta Hajiya, don ta sake sayen wata a wurinsa, shuɗiya, kuma ta riga shi shiga layi.